Jarka a Kafaɗar Mu'allim Nazih

A unguwar Basta ta birnin Beirut ba a tuna sunan Mu'allim Nazih mai inji sai wuta ta ɗauke. Da zarar ta gwamnati ta tafi, wadda dama zuwanta ne abin mamaki, sai mata su leƙo daga barandar benaye suna ƙwala kira: "Nazih! Kai Nazih! Nama zai lalace a firij!" Shi kuwa yana can ƙasan wani tsohon bene, a ɗakin da ya mayar gidan injinsa, ya riga ya miƙe tun kafin su buɗe baki. Ba kiransu yake ji ba. Ƙwan lantarkin da ya rataya saman kujerarsa yake kallo, in ya mutu sai ya tashi. Ya murɗa makulli, inji ya yi tari sau biyu ya kama, benaye goma sha ɗaya su samu wuta, kowa ya koma ɗaki ya manta da shi sai wani jiƙon.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu, hannuwansa kuwa sabulu ya daɗe da haƙura da su. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune kusa da injin dizal, injin kuma ya karɓi ladansa a kunne. Likita ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: siririn sauti ya tafi ba zai dawo ba, kukan tsuntsu, ƙararrawar waya, muryar mata da ta yara, duk sai dai ya tuna su. Abin da ya rage masa shi ne mai kauri, irin ƙugin mota da rufe ƙofa, shi ma yana kan hanya. 'Yarsa Rima tana kiransa daga Kanada duk Lahadi. Yakan manna wayar a kunne ya yi ta cewa "Alhamdulillahi, lafiya lau," ko me ta tambaya. Ran da ta gaya masa mijinta ya karye a ƙafa, haka ya ce mata alhamdulillahi.

To, wannan mutumin da kuke gani, yana wurin ranar wasan Ƙarfe da Gishiri.

Na san za ku ce kowa ma yana wurin. Ai shi ne abin haushin. Shiga kowane shagon aski a Beirut ka ambaci ranar, sai ka ga tsofaffi suna gyara zama. Wannan ya ce shi a gaban dandamali yake, har gumin mawaƙin ya ɗiga masa a goshi. Wancan ya ce shi ya riƙe wa mai jita rigarsa. Har waɗanda ke cikin zanin goyo a lokacin sun je. Filin ƙwallon makarantar da aka yi abin, in an matse an danne, mutum dubu uku zai ɗauka, amma in ka haɗa masu rantsuwa sun halarta sai sun cika garin sau biyu. Maƙaryatan banza! Nazih dai ya je, shi ya ba wasan wuta, kuma bai ji ko waƙa ɗaya ba.

A bazarar farko bayan an daina harbe-harben yaƙin basasa aka yi shi. Asibitin yara na unguwa ba rufi, sai wasu samari huɗu da ke kiran ƙungiyarsu Ƙarfe da Gishiri, masu kiɗan rok, irin na jita mai wuta da ganguna masu dukan ƙirji, suka ce za su yi wasa a tara abin da za a rufa shi. Biyu daga wannan ɓangaren gari suke, biyu daga wancan. Aka sa wasan bayan azahar, don har lokacin ba wanda ke son magariba ta same shi a unguwar da ba tasa ba. Nazih yana ɗan shekara ashirin da tara, aurensa da Wadad wata biyar. Ya ba da injinsa kyauta. Aka ce ya kai shi bayan katangar filin saboda ƙara, ya ja waya ta sama.

Wadad ta sa rigarta ruwan ƙwai, ta saya musu ka'ak biyu, burodin nan mai riɗi da ake ratayawa a hannu kamar jaka. Ya ce mata, "Shiga ki kama mana wuri. In ga inji ya zauna, minti biyar ina bayanki."

"Minti biyar ɗinka na sani," in ji ta.

"Wallahi biyar."

Ana fara waƙar farko famfon mai ya mutu. Nazih ya ji injin ya sauya murya, ya fara shaƙewa kamar mai neman numfashi. In ya tsaya, jita da lasifika da komai sun tsaya, kuma mutum dubu uku daga ɓangarori biyu, waɗanda wata shida da suka wuce ba sa gaisawa, za su tsinci kansu tsaye cikin shiru suna kallon juna. Kowa ya san abin da shiru ke haifarwa a wancan zamanin. Ya fizge tiyo, ya zura shi cikin jarkar dizal mai lita ashirin, ya zuƙo mai da baki, ya haɗa kai tsaye, ya haye kan duro ya ɗora jarkar a kafaɗa don man ya gangaro da kansa. Injin ya yi tari ya miƙe. Sai a lokacin ya duba inda zai rataye jarkar, babu. Katanga sumul, tiyo gajere, in ya sauke ko taƙi ɗaya iska ta shiga, shi ke nan. Ya ƙwala kira, amma wa zai ji shi? Duk mai ƙafa yana cikin fili.

Haka ya tsaya minti hamsin, kunnensa na dama kusan manne da injin, hayaƙi na shiga idonsa. Ba abin da ya iso gare shi daga wasan sai girgizar katanga. Da aka tashi ya sauko, hannunsa ya ƙi miƙewa, kafaɗar kuma tun ranar ba ta koma daidai ba. Wadad ta zagayo ta same shi zaune a ƙasa baƙi ƙirin, ka'ak biyun na nan a hannunta ko gutsura ba ta yi ba. Ba ta ce masa komai kan minti biyar ba. Ta zauna gefensa a kan rigarta sabuwa suka ci.

Bai taɓa ba kowa labarin jarkar ba. Da farko kunya yake ji, don injin nasa ne, kuma mai inji ba ya tallan cewa famfonsa ya mutu. Daga baya da maƙaryata suka yi yawa, sai ya ga in ya faɗa shi ma layinsu zai shiga.

Wadad ce ta zama masa wasan. Shekara goma sha takwas tana ba shi labarinsa, a baranda, da finjalin gahawa a gabansu. Ta kwaikwayi mai jita da muciya, ta rera masa waƙoƙin yadda ta riƙe su, rabi daidai rabi nata. Kullum sai ta zo kan waƙa ta huɗu. Bassam, mawaƙin, ya tsara ta ne don ƙanensa da harsashi ya samu a layin burodi, yaro ɗan ashirin da biyu, ko baiko bai yi ba. Yana tsakiyar waƙar ya ambaci sunan yaron, muryarsa ta sarƙe. Ya tsaya. Makaɗa suka tsaya. Fili ya yi tsit, har wasu suka fara waigen ƙofa.

A wurinmu, in saurayi ya mutu bai yi aure ba, mata kan yi wa gawarsa guɗar da ba a yi masa ranar angwanci ba. Wata mata a filin nan ta tuna da haka. Ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, doguwa, a tsakiyar wasan rok, inda ba a taɓa jin guɗa ba. Sauran mata suka karɓa, na nan da na can, mai ganga ya faɗo da duka, Bassam ya ƙarasa waƙarsa yana kuka. Wannan guɗar ita ce ta sa har yau ake maganar ranar.

"Ni ce," in ji Wadad kullum.

Nazih ya yi dariya. "Ke? Ke da ko mai tumatir ba ki iya ɗaga wa murya?"

"Wallahi ni ce, Nazih."

"To, na ji. Ke ce. Matar mai kantin magani ma ita ce. Da gwaggon direban bas. Ku nawa ne yanzu, ɗari?"

Takan harare shi ta kwashe finjalai. Shi a ganinsa wasa ne irin na miji da mata, yana ma jin daɗin tsokanar. Kowace unguwa tana da tata matar da ta yi guɗar, me zai hana gidansa ya samu tasa? Ko a gadon asibiti, kwana huɗu kafin ta cika, ta sake kawo zancen, murya can ƙasa. Ya shafa hannunta ya yi murmushi ya ce, "Ke dai huta, gwanar guɗa." Ta dube shi ta juya fuska wajen taga. Shekara bakwai ke nan, wannan juyawar ba ta bar shi ba. Yana wanke finjali ta zo masa, yana duba man inji ta zo masa. Me zai rage shi da ya ce mata ya yarda, ko sau ɗaya? Ga shi ba shi da muryarta a ko'ina, don an ɗaura aurensu a lokacin da ba mai zancen ɗaukar biki. Abu ɗaya yake roƙo kafin kunnen ya ƙarasa rufewa, ya ji wasan nan, ya ji guɗar nan, in tata ce zai gane.

Wata Talata da hantsi yana zaune bakin ɗakin inji yana cin burodi da zaitun, sai ga wani ƙato mai sanƙo da teɓa ya tsaya a kansa yana haki.

"Kai ne Nazih mai inji?"

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

"Na ce kai ne wanda ya ɓata mana kaset?"

Sunansa Garo, ɗan Armeniyawan unguwar Burj Hammud, tayil yake sayarwa yanzu. Shi ne mai gangar Ƙarfe da Gishiri. Bassam ya rasu a ƙasar waje, sauran biyun ma sun watse, shi kaɗai ya rage a garin. Mahaifiyar Garo ta rasu a watan jiya, yana kwashe kayanta ya tarar da kaset cikin gwangwanin alawa, wanda wani ɗan'uwansu ya ɗauka ranar wasan da ƙaramar rikoda. Duk duniya ba wani sai shi. Yana so a gyara shi a fitar, tunda wasan ya cika shekara ashirin da biyar, asibitin yaran ma yana neman taimako kuma.

"Amma sakaran ɗan'uwan nawa a kan katanga ya ajiye rikodar," in ji Garo, yana magana kamar mai kiran wani a tsallaken titi. "Daga farko har ƙarshe injinka ne ke gurnani. Mai gyaran sauti ya ce in ya san irin injin zai fi masa sauƙin cire shi. Kwana tara ina nemanka, mutumin Allah. Wane irin tarkace ne ka kawo mana ranar?"

Nazih ya ajiye burodin. "Tarkacen da ya sa aka ji gangarka. Ina kaset ɗin?"

"Yana shago."

"Sai na ji tukuna in gaya maka."

Bai taɓa barin inji da rana ba, amma ranar ya tayar da shi tun wutar gwamnati ba ta tafi ba, ya rufe ɗakin, ya hau ya sa farar riga. A mota Garo bai yi shiru ba, yana zagin masu babur yana ba da labarin ciwon gwiwarsa, Nazih na gyaɗa kai. Shagon dogo ne mai sanyi, tayil jingine ko'ina. Garo ya ja kujeru biyu gaban wata tsohuwar lasifika mai tsayin yaro, ya kawo gahawa, ya danna rikoda.

Abin da ya fara zuwa kunnen Nazih ƙugi ne, mai kauri, sananne kamar tarin mahaifinsa. Ya jira sauran su biyo. Ya ga ƙafar Garo ta fara bugun ƙasa, ya ga leɓensa na motsi, ya gane an fara. Ya karkato kunnen hagu, mai ɗan dama-dama. Can ƙasa akwai dum, dum na babbar ganga. Jita babu. Muryar Bassam babu. Mutum dubu uku babu.

"Ƙara," in ji shi.

Garo ya ƙara har tayil suka fara kaɗawa a jikin bango. Ƙugin ne kawai ya ƙaru. Shekara ashirin da biyar yana jiran a buɗe masa ƙofar filin nan, da aka buɗe sai ya tarar da kansa a bayan katanga.

Sai ƙugin ya yi tangal-tangal. Nazih ya ɗaga yatsa bai ma sani ba. "Nan ne famfo ya mutu."

Garo ya danna tsayawa. "Wane famfo?"

"Mayar baya kaɗan. Ji. Ka ji ya shaƙe? Nan ina cire tiyo. Nan na zuƙo mai, har na haɗiyi kaɗan. Yauwa, ka ji ya miƙe, na hau duro ke nan."

Da abin ya ɓalle sai ya faɗa masa duka, jarka da duro da minti hamsin, cikin 'yan kalmomi, kamar mai bayanin gyaran mota. Garo ya dubi kafaɗar da ta sauka, ya daɗe yana dubanta.

"Muna waƙar farko fitilar lasifikar mai jita ta yi ƙyaf-ƙyaf," in ji shi. "Na ce mun mutu. Ashe kai ne. Amma kai mahaukaci ne, wallahi! Shekara ashirin da biyar ba ka gaya wa kowa ba?"

"Matata ta sani. Sa mu ji waƙa ta huɗu."

Kaset ya ci gaba. Nazih ba ya sauraro yanzu, fuskar Garo yake karantawa. Ya ji dum, dum ɗin ta tsaya, ƙugin inji ya rage shi kaɗai. Garo ya daina bugun ƙafa, ya riƙe numfashi kamar bai san abin da zai biyo baya ba. Sai ƙaton nan ya rufe ido, bakinsa ya karkace, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Nazih ya matsa har kunnensa ya taɓa lasifikar. Inji ne kawai, yana tafiya daidai, ba ko tuntuɓe.

"Ta yi?" ya tambaya.

"Ba ka ji ba? Kai, ai kamar a cikin shagon nan take! Kusa da rikodar take tsaye."

"Mata da yawa sun ce su ne."

Garo ya fyace hanci da hankici. "Rabu da su. Ni ina sama, kan kujerar ganga, ina ganin kowa. Wata 'yar siririya ce mai riga ruwan ƙwai, can jikin katanga, wurin da ba wanda ke so saboda ƙarar injinka. Tun farkon wasa nake lura da ita, don dariya take ba ni. Ka'ak biyu a hannu, kuma ta tsare wani gurbi kusa da ita, duk wanda ya matso sai ta sa masa gwiwar hannu. Fili a cushe, ita tana gadin wurin da ba kowa. Bassam ya neme ta ya gaji, har ya mutu yana cewa da ya gan ta da ya sumbaci kanta. Kai, lafiya? Mu'allim?"

Nazih ya riƙe gefen lasifikar da hannu biyu. Ashe jikin katangar ta zaɓa. Ashe duk minti hamsin ɗin nan bulo ɗaya ne tsakaninsu.

"Sunanta Wadad," in ji shi. "Gurbin nawa ne."

Garo ya tashi ya juya allon ƙofar shago ya nuna an rufe, ya dawo ya zauna.

"Mayar," in ji Nazih. Aka mayar. Ya gwada kunnen dama, ya gwada na hagu, ya toshe ɗaya ya saki ɗaya. Sau uku, ba komai. A na huɗu ya gyara zama ya ce, "Garo, yi mini abu ɗaya. In ta fara ka ɗaga hannu. Kada ka sauke sai ta gama."

Garo ya mayar da kaset. Ganga ta tsaya. Inji na ƙugi. Hannun ya tashi sama, ƙaton hannu mai gashi da ƙurar tayil, Nazih ya kafa masa ido. Ya zaci nan da nan zai sauko. Bai sauko ba. Matar da ke sunkuyar da kai in baƙo ya gaishe ta, matar da mai tumatir ke cuta don ba ta iya musu, ga ta tana riƙe da mutum dubu uku da numfashi ɗaya. Hannun Garo ya fara rawa yana nan a sama. Da ya sauko, Nazih ya ce, a hankali, ba da Garo yake ba, "Na yarda. Ke ce."

Suka zauna, kaset na juyawa. Can Garo ya share fuska ya ce, da muryar da ya ƙoƙarta ya mayar ta wasa, "To yanzu sai ka gaya mini sunan tarkacen naka, a cire shi, mutane su ji ta fes."

Nazih ya girgiza kai. "Ku fitar da naku yadda kuke so, zan rubuta maka sunan injin. Amma ka yi mini nawa daban, kada a taɓa shi."

"Me za ka yi da ƙugi?"

"Shi ne ni a wurin. In ka cire ni ta koma ita kaɗai."

Garo ya kai shi har Basta. Wutar gwamnati ta daɗe da tafiya, ba wanda ya lura mai inji ya fita, tunda firij na aiki. Bayan mako guda aka aiko masa da nasa kaset ɗin, da takarda a jiki da rubutun Garo: minti goma sha tara da daƙiƙa shida, zuwa daƙiƙa ashirin da bakwai. Yanzu kullum da la'asar yakan hau baranda da gahawa da rikoda da agogon hannu. Ya danna, ya ji injinsa ya shaƙe ya miƙe, ya jira. In allura ta kai wurin sai ya ajiye finjali ya yi shiru daƙiƙa ashirin da ɗaya, har ta gama.